Kafin Ka Yi Jawabi Kan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari A Wasanni, Ka San Waɗanda Ke Gabanka

A ce yau sakataren zumuntar matasa ya zo har gida ya same ka, ya ce ranar Asabar mai zuwa za a rufe gasar ƙwallon ƙafa ta gunduma, kuma dattawa sun ga ya kamata kafin a miƙa kofi ka tashi ka yi wa jama'a jawabi na minti ashirin a kan ƙwayoyin da 'yan wasa ke sha don su ƙara ƙarfi. Mai karatu, mene ne abu na farko da za ka yi? Da yawanmu sai mu ruga neman littattafai, ko mu ɗauki waya mu shiga intanet, mu tara sunayen magunguna masu wuyar faɗi da labaran Turawa masu tseren keke, mu cika takarda shida. Ranar taro mu tashi mu karanta, a tafa mana don ladabi, kowa ya watse yadda ya zo.

Abin da ya kamata a fara da shi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi muhimmanci. Ka zaunar da sakataren ka tambaye shi: su wane ne za su zauna a gabana? Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Maƙeri bai fi kowa ƙarfin damtse ba, ya dai san inda zai sauke masaba. Haka mai jawabi yake. Kuma wannan batu na ƙwayoyin ƙara kuzari ya fi yawancin batutuwa bukatar sanin masu sauraro, domin a ɗaki guda za ka sami wanda bai taɓa jin labarin ba, da wanda ya ɗauka matsalar Turawa ce, da wanda ke ganin babu laifi a ciki, da kuma wanda ƙwayar na cikin aljihunsa a lokacin da kake magana.

SU WANE NE, KUMA SHEKARUNSU NAWA?

Tambayoyin farko na fili ne. Mutum nawa ake sa ran za su zo? Matasa ne zalla ko har da iyaye? Akwai 'yan mata da mata? Wane irin wasa suke yi, ƙwallon ƙafa, ko dogon gudu irin wanda aka san 'yan Filato da shi, ko dambe, ko ɗaga ƙarfe a lungun unguwa? Hausa kowa ke ji, ko sai an haɗa da Turanci? Amsar kowace tambaya tana sauya misalin da za ka ɗauko.

Ga misali. Ranar 25 ga Yuni 1994 Nijeriya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Amurka. Samson Siasia ya fara jefa ƙwallo, Claudio Caniggia ya rama biyu, aka tashi 2 da 1. Bayan wasan aka kama hannun Diego Maradona aka fita da shi daga fili zuwa ɗakin gwajin fitsari, aka sami sinadarin efedirin a jikinsa, aka kore shi daga gasar, aka kuma dakatar da shi wata 15. Wannan ne wasansa na ƙarshe a rigar ƙasarsa. Idan ka ba da wannan labari a gaban magidanta masu shekara arba'in da biyar zuwa sama, kafin ka rufe baki za su ƙarasa maka, domin da yawansu sun kalli wasan, wasu ma sun tuna gidan da suka taru suka kalla. Amma yaron da aka haifa a 2005, a wurinsa Maradona tarihi ne, kamar yaƙin duniya.

Shi wannan yaro, ɗauko masa Andre Onana, mai tsaron gidan Kamaru, wanda yake gani a gidan kallo. A Fabrairun 2021, lokacin yana Ajax, aka dakatar da shi wata 12 saboda wani maganin sa fitsari da aka samu a jikinsa. Ya ce maganin matarsa ne ya sha bisa kuskure. Kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa wata 9, amma ba ta soke shi ba. Darasin labaran biyu kusan ɗaya ne, sai dai kowanne da kunnen da yake shiga. In taron ya haɗa manya da yara, ka kawo duka biyun, ka ce wa yaran su tambayi iyayensu labarin 1994 in an koma gida. Da haka jawabinka zai bi su har tsakar gida.

ME SUKA SANI, ME SUKA ƊAUKA SUN SANI?

A nan ne masu jawabi da yawa ke tuntuɓe. Da ka ce "ƙwaya" da Hausa, abin da ke zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ɗan shaye-shaye mai layi a bakin titi. Saboda haka uwar da ɗanta ba ya maye za ta ce a ranta wannan magana ba ta shafe ta ba, ta koma tunanin tukunyarta. Alhali yawancin abubuwan da aka haramta a wasanni ba sa bugarwa ko kaɗan, wasu ma magunguna ne na asibiti masu amfani. Idan ka gano cewa masu sauraronka suna haɗa biyun, to, minti biyar na farko sai ka kashe su wajen rarrabewa.

Ka rarrabe musu da harshe mai sauƙi. Akwai masu gina tsoka, waɗanda ake kira sitiroyid, masu kwaikwayon sinadarin da ke mai da yaro namiji. Irinsu aka samu a jikin Ben Johnson na Kanada, wanda ya gudu mita 100 cikin sakan 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul ranar 24 ga Satumba 1988, bayan kwana uku aka ƙwace zinariyar aka ba Carl Lewis na Amurka. Akwai masu ƙara jini, kamar EPO, wanda asalinsa ƙoda ce ke samar da shi, likitoci kuma suna ba masu ciwon ƙoda da jininsu ya ragu. Mai tsere yana yin allurarsa don jininsa ya ɗauki iska da yawa, amma jinin sai ya yi kauri, zuciya ta sha wahalar tura shi. Akwai masu hana jin gajiya, kamar amfetamin, wanda aka samu a jikin Tom Simpson, ɗan tseren keke na Ingila da ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a Faransa ranar 13 ga Yuli 1967 yana da shekara 29. Akwai masu sa fitsari, da ake sha don rage nauyi da sauri ko don ɓoye wani maganin. Sai kuma masu kashe zafin ciwo, irin su taramadol.

Ka kuma shirya wa tambayoyin da jama'armu za su yi, waɗanda littafin Bature ba zai gaya maka ba. Tabbas wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, to goro fa? Amsa ita ce sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi an cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Wani zai ce, mai ciwon asma fa da ke shaƙar magani? Akwai ƙa'idar yawan da aka yarda da shi, akwai kuma takardar izini ta musamman da likita ke nema wa ɗan wasa mai bukatar magani don lafiyarsa. Wani zai ce, wiwi fa? An haramta shi a lokacin gasa. Mai jawabin da ya kasa amsa tambayar goro, ko ya haddace sunayen magunguna ɗari, ya faɗi a idon dattawa.

Idan kuwa ka tarar masu sauraronka 'yan wasa ne da ke fatan zuwa gasar ƙasa, akwai doka guda da ba ta kamata ka sauka ba tare da ka faɗe ta ba. A ƙa'idar hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 don yaƙi da wannan al'amari a duniya, duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa alhakinsa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Andreea Raducan ta Romaniya tana da shekara 16 ta ci zinariya a wasan lanƙwasa jiki a Sydney a 2000. Likitan tawagarta ne ya ba ta maganin mura, a ciki akwai sinadarin da aka hana. Kowa ya yarda ba ta yi niyyar maguɗi ba, amma zinariyar ba ta dawo ba. Ka kwatanta wannan da ɗabi'armu ta shiga kemis mu ce a haɗa mana maganin zazzaɓi da ciwon jiki, a ƙulle mana a leda ba suna ba takarda. Nan take yaron zai gane cewa maganar ta iso ƙofarsa.

ME KE CIKIN ZUCIYARSU?

Sanin shekarun mutum da iliminsa bai isa ba, sai ka san ra'ayinsa. Galibi masu sauraro kashi uku ne. Akwai waɗanda tun a gida sun yarda da kai. Waɗannan ba sa bukatar ka shawo kansu, suna bukatar ka ba su aikin yi. Akwai 'yan ba ruwanmu, waɗanda kofi suka zo gani. Su kuma sai ka nuna musu inda abin ya taɓa su. Sai kashi na uku, masu ja da kai a zuci, ko da bakinsu bai furta ba. Su ne suka fi bukatar shirinka, kuma kada ka raina hujjojinsu, domin wasunsu suna da ƙamshin gaskiya.

Hujja ta farko ita ce kowa na yi, wanda aka kama shi ne dai mai ƙarar kwana. Kada ka musa gaba ɗaya. Daga cikin mutum takwas da suka yi tseren nan na Seoul, shida sunansu ya fito a batun ƙwaya a wani lokaci na rayuwarsu. Lance Armstrong ya ci tseren keke na Faransa sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, yana ta bugun ƙirji cewa ba a taɓa kama shi ba. Ka amince da wannan a gabansu, sa'an nan ka ƙarasa labarin: a 2012 shaidar abokan tserensa ta tona shi, aka ƙwace nasarorin bakwai, a Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a talabijin. Marion Jones ta ci lambobi biyar a Sydney, ta amsa laifi a 2007, ta mayar da su, ta yi wata shida a kurkuku saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike. Kuma tun 2015 doka ta ba da damar ajiye fitsari da jinin ɗan wasa har shekara goma, a sake gwadawa in an sami sabuwar dabara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hujja ta biyu ita ce jikinsa ne, in ya cuci kansa ina ruwan wani? Amsar wannan tana cikin tarihin ƙasarmu, kuma ban san labarin da ya fi shi ratsa ɗakin da 'yan Nijeriya ke zaune ba. A Sydney a 2000, a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu bayan Amurka. Nduka Awazie da Fidelis Gadzama su ma sun gudu a zagayen share fage. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna a wancan lokaci, aka ƙwace zinariyar. Sai a Yulin 2012 kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar wa Nijeriya da ita. Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011 yana da shekara 42. Bai ji an buga taken ƙasarsa a filin Sydney ba, bai kuma kai ranar da aka ce zinariyar tasa ce ba. Idan ka ba da wannan labari a tsanake, ba ka bukatar ka ƙara cewa maguɗi sata ne. Masu sauraro za su faɗa da kansu.

Hujja ta uku ita ce manyan ƙasashe ne ke amfani da gwajin don danne 'yan Afirka. A nan sai ka taka a hankali, domin kishin ƙasa abu ne mai zafi. Ka tuna musu cewa Johnson da Armstrong da Jones duk 'yan manyan ƙasashe ne. Sa'an nan ka bambanta abubuwa biyu da suka faru a Tokyo a Yulin 2021, waɗanda mutane kan cakuɗa. Na ɗaya, an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Nijeriya shiga gasar. Ba a sami komai a jikinsu ba; ba a dai yi musu adadin gwajin ba-zata da doka ta gindaya kafin gasa ba, suka yi asarar wahalar shekaru. Na biyu, an dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar gasar saboda sinadarin ƙara girman jiki, a 2022 aka yanke mata shekara 10, daga baya aka mai da ita 11. Mai jawabin da ya haɗa goman nan da masu laifi ya yi musu ƙazafi.

Haka kuma in sunan Chioma Ajunwa ya taso, kuma zai iya tasowa, ka faɗi labarin duka. An dakatar da ita shekara huɗu a 1992, ta tsaya a kan cewa ba ta sha komai da saninta ba, ta dawo a 1996 ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta, ta kawo wa Nijeriya zinariyarta ta farko a Olamfik. Ga masu sauraro mata musamman, ita abin alfahari ce. Wanda ya faɗi rabin farko ya bar na biyu ya rasa su, wanda ya ɓoye rabin farko kuma wani zai tona shi daga kujerar baya.

KOWA DA ABIN DA KE DAMUNSA

Gaskiya ɗaya ce, amma ƙofar shiga kowace zuciya daban take. Saurayi mai shekara goma sha takwas ba ya jin tsoron ciwon hanta da zai same shi yana da hamsin. A wurinsa hamsin ba ta zuwa. Abin da yake tsoro shi ne na kusa: a dakatar da shi shekara huɗu, wanda shi ne hukuncin ganganci tun 2015, a daidai lokacin da ƙafarsa ke da kaifi; ko kuma abin da sitiroyid ke yi wa jikin namiji, wato ƙuraje a baya, da tsirowar nono, da ƙanƙancewar maraina, da raguwar haihuwa. Ka faɗi waɗannan, sai ka ga masu ɗaga ƙarfe sun gyara zama. Amma ka lura da wurin: in akwai iyaye mata da surukai a ɗakin, sai ka sakaya, ka bar bayanin dalla-dalla zuwa lokacin da za ka keɓe da samarin.

Iyaye kuwa, abin da ya dame su shi ne amana: wa na miƙa wa ɗana? Su za ka ba labarin Jamus ta Gabas, inda tun daga 1974 gwamnati ta tsara shirin ba 'yan wasa sitiroyid a asirce, dubbai suka sha, da yawansu 'yan mata ƙanana masu ninƙaya da aka ce musu bitamin ne. Muryoyinsu suka yi kauri, gashi ya fito musu a fuska, wasu suka kamu da ciwon hanta, wasu suka sha wahalar haihuwa. A shekarar 2000 kotu a Berlin ta sami tsohon shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Hoeppner, da laifi. Kada iyaye su ce wannan can nesa ne, ka tuna musu yarinyar nan 'yar Nijeriya mai shekara 16 da ta ci zinariya a ɗaga nauyi a gasar ƙasashe renon Ingila a Glasgow a 2014, aka ƙwace cikin 'yan kwanaki saboda magungunan sa fitsari. Aikin da za ka ba iyaye ƙarami ne: duk abin da aka ba yaronka a sansanin horo, ka tambayi sunansa, ka ga kwalinsa.

Masu horarwa da malaman wasanni suna zuwa irin wannan taro a ɗarare, suna jiran a ɗora musu laifi. In ka fara da zargi, sun toshe kunne. Ka yi musu magana a matsayin masu tsaron yaran, ka sanar da su cewa doka tana hukunta mai horarwa ko likitan da ya ba da maganin, kuma hukuncin ya fi tsanani in yaro ne aka ba. Ma'aikatan jinya da masu kemis, waɗanda ba a rasa su a kowace majami'a, sun fi ka sanin magani. Kada ka yi musu lacca a kan aikinsu. Ka roƙe su abu guda, su riƙa tambayar saurayin da ya zo saye ko yana shiga gasa, in ma da hali ka gayyaci ɗaya daga cikinsu ya taya ka amsa tambayoyi.

WANDA YA YI SHIRU A KUJERAR BAYA

Akwai mai sauraro guda da sakatare ba zai sa maka a lissafi ba, amma ka ɗauka yana nan. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su taramadol suka sha ba da umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce. A Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Taramadol kuwa, wanda leburori da manoma da 'yan ƙwallon unguwa ke haɗiya don kada su ji gajiya, ya shiga jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa daga 1 ga Janairu 2024.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ga mai jawabi ita ce, a taron mutum ɗari biyu da wuya a rasa wanda ke sha, ko uwar wanda ke sha, ko matarsa. Saboda haka ka auna kalmominka. Kada ka ce 'yan iska, kada ka ce ɓatattu, kada ka ba da misali da wani ɗan unguwa ko da ba ka ambaci sunansa ba, domin kowa zai gane shi. Magana zarar bunu ce. In ka sa ɗaki ya yi dariya a kan mashaya, wannan yaro ba zai sake zuwa taro ba, kuma shi ne ya fi kowa bukatar abin da ka kawo. Ka faɗa a fili cewa wanda jikinsa ya saba da taramadol ba ya iya bari dare ɗaya ba tare da wahala ba, yana bukatar likita, kuma neman taimako ba abin kunya ba ne. Kafin ranar, ka binciko asibiti ko ma'aikacin lafiya na kusa da za a iya zuwa wurinsa a asirce, ka faɗi inda yake, sa'an nan ka ɗan jinkirta a bakin ƙofa bayan an tashi.

TA YAYA ZA KA SAN DUK WANNAN?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da wanda ya gayyace ka, ka tambaye shi abin da ya sa aka zaɓi wannan batu a bana. Sau da yawa akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza: wataƙila wani yaro ya faɗi a fili, ko an tsinci fankon ƙwaya a bayan raga. In akwai irin wannan, kowa a ɗakin ya sani, kai kaɗai ne baƙo, kuma gara ka sani don kada ka taka ciwo. Bayan haka ka je filin da yamma sau ɗaya ko biyu, ka zauna ka saurara. Ka koyi sunan da yaran ke kiran ƙwayoyin da shi, domin ba sunan da ke jikin kwali suke amfani da shi ba.

In da lokaci, ranar Lahadi kafin taron ka raba 'yan takardu, ka ce kada kowa ya rubuta sunansa. Tambaya huɗu sun isa. Wane wasa kake yi? Ka taɓa jin an dakatar da ɗan wasa saboda magani, wane ne? Kana ganin laifi ne mutum ya sha abin da zai ƙara masa ƙarfi in ba a kama shi ba? Wace tambaya kake so a amsa maka? Abin da mutum ba zai faɗa a gaban fasto ko mahaifinsa ba, zai rubuta a takardar da ba suna. Amsar tambaya ta uku za ta nuna maka yawan masu ja da kai, ta huɗu kuma ita ce rabin jawabinka.

Ka kuma tambayi wuri da lokaci. Jawabi a cikin ɗaki da safe daban ne da jawabi a bakin fili da ƙarfe biyar, rana ta gasa mutane, ƙungiyar da ta ci tana jiran kofi, wadda aka ci tana fushi da alƙalin wasa. A irin wannan hali minti ashirin ya koma takwas: labari ɗaya, doka ɗaya, roƙo ɗaya. Akwai lasifika? In wuta ta ɗauke, muryarka za ta kai? Sa'ad da ka fara kuma, aikin nazarin bai ƙare ba. Ka ɗaga kai daga takarda ka dubi fuskoki. In wayoyi sun fara fitowa daga aljihu, ka bar alƙaluma ka shiga labari. In ka ga an yi tsit a wata gaɓa, ka dakata a nan, kada ka yi sauri.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa. Sanin masu sauraro ba lasisin gaya musu abin da suke so su ji ba ne. In kiɗa ya sauya rawa takan sauya, amma abin da ya sauya shi ne misali da harshe da tsawon magana. Abin da ka gaya wa iyaye da safe kada ya saɓa wa wanda ka gaya wa samari da yamma. Kada ka ƙara gishiri don ka tsorata yara, ka ce duk wanda ya sha sau ɗaya zai mutu, domin sun san wanda ya sha bai mutu ba, daga nan kuma ba za su ƙara gaskata ka ba. Kada kuma ka rage don gudun ɓacin ran wani babba da ke zaune a kujerar gaba. Ka faɗi abin da ka tabbatar, in an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka ka miƙa wa ma'aikacin lafiyar da ke kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi, kuma yaran nan da ke guje-guje a filin makaranta ba takalmi, a cikinsu ne za a sami masu ɗaga tutar ƙasa gobe. Allah ya ba masu magana hikima, ya ba masu ji kunne.